Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishiniya Sarah Strommen Kan Kamun Kifi a Bisa Ƙanƙarar Tafkunan Minesota

Zuwa ga Uwargida Sarah Strommen, Kwamishiniyar Sashen Kula da Albarkatun Ƙasa na Jihar Minesota, Amurka.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto miki wannan takarda ne a matsayina na mazaunin wannan jiha da ke sabunta lasisin kamun kifi duk shekara, wanda kuma ya shafe hunturu da dama zaune a bakin ramin da ya huda cikin ƙanƙara yana jiran kifi ya ci ƙugiya. A ƙasar Kabi aka haife ni, inda ba a taɓa ganin ruwa ya daskare har mota ta bi ta kansa ba, amma an san kamun kifi tun kaka da kakanni, an kuma san yadda ruwa yake tsiyacewa idan hannuwa suka yi masa yawa. Abin da nake son jawo hankalinki a kai shi ne, yawancin dokokin da muke bi an tsara su ne domin mutumin da ke kifa bokiti ya zauna na 'yan sa'o'i, sanyi ya kore shi gida kafin magariba, alhali wanda ke kan ƙanƙara a yau kwana yake yi a can, kuma yana ganin kifin tun kafin ya jefa ƙugiya.

Duk wanda ya bi hanyar da ake sharewa a kan Tafkin Mille Lacs ko Tafkin Lake of the Woods cikin watan Janairu zai ga gari sukutum a tsakiyar ruwa. Ɗakuna ne masu taya waɗanda ake ja da mota, a sauke su su zauna daram a kan ƙanƙara, da gadaje da murhun gas da talabijin a ciki, ramukan kamun kifin kuma a tsakar ɗakin suke. Mutum zai shiga ranar Juma'a bai fito ba sai Lahadi da la'asar, kuma tun da doka ta yarda kowa ya saka igiya biyu a hunturu maimakon ɗaya tak da ake yarda da ita a bazara, ɗaki mai mutum huɗu yana iya barin ƙugiya takwas cikin ruwa dare da rana, da ƙararrawar da za ta tashe su daga barci idan kifi ya ja. Ban ga laifin wannan jin daɗi ba, domin ni kaina na kwana a irin ɗakin nan na kuma yaba, ga shi ya ba yara da tsofaffi damar fitowa su ma. Sai dai ƙididdigar sashenki da kanta ta nuna cewa a wasu shekarun masunta kan shafe sama da sa'o'i miliyan biyu a kan Lake of the Woods kaɗai cikin hunturu guda, alhali adadin wolai (kifin da Turawa ke kira walleye) guda shida da doka ta yarda mutum ya riƙe a yawancin tafkunan jihar tun 1956 aka yanka shi, lokacin da ba a ma yi mafarkin irin waɗannan ɗakuna ba.

Na'urar hangen kifi ita ce ta ƙara sauya lissafi. Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope a 2018, sauran kamfanoni kuma suka biyo baya da nasu, masunci na iya huda rami ɗaya, ya zura na'urar ya juya ta, ya ga garken kifi yana motsi a allo daga nesa, ya san ta ina zai bi da taku nawa zai yi ya huda na biyu daidai kansu. Kirafi, wani kifi mai faɗi da Turawa ke kira crappie, shi ne ya fi shiga uku, domin a hunturu yakan taru garke guda a wurin da tafki ya fi zurfi. A da can sai mutum ya huda ramuka barkatai yana laluben sa'a, sau da yawa ya koma gida hannu rabbana, kuma wannan wahalar ita ce garkuwar kifin ko da babu wanda ya rubuta ta a littafin doka. Yanzu garkuwar ta faɗi. Idan aka haɗa da Facebook da YouTube, inda hoton da aka ɗora ranar Alhamis kan tara motoci a bakin ƙaramin tafki kafin hantsin Asabar, za a ga cewa kowane mutum ɗaya na iya tsayawa cikin iyakar doka, amma jimillar abin da aka kwashe ta fi ƙarfin ruwan.

A nan ne damuwata ta fi yawa, ranki ya daɗe, domin manyan tafkunan suna da masu lura da su. Sashenki yana bibiyar manyan tafkunan wolai guda goma a kai a kai, ana saka koma a auna, ana tura ma'aikata su tambayi masunta abin da suka kama. Amma jihar da ake yi wa kirari da ƙasar tafkuna dubu goma tana da sama da 11,000, kuma ƙanana da matsakaitan da ke kusa da garuruwa, waɗanda su ne na talaka mai tafiya da ƙafa yana jan kayansa a kan ƙanƙara, sukan yi shekaru babu wanda ya ƙirga abin da ya fita daga cikinsu a hunturu. A waɗannan tafkuna ne ake tsame manyan bulugil, wani kifi mai faɗi da ya yi kama da karfasarmu ta gida. Masana sashenki sun sha bayyana cewa manyan mazan bulugil su ne ke haƙa sheƙa su tsare ƙwai, kuma kasancewarsu ce ke sa ƙananan maza su jinkirta haihuwa su ci gaba da girma. Da zarar an kwashe manyan, sai ƙananan su fara haihuwa da wuri, girma ya tsaya, tafki ya cika da tsirarun kifayen da ba su kai tafin hannu ba, kuma gyaran wannan ɓarna kan ɗauki shekaru masu yawa. Na yaba da matakin da aka ɗauka daga 2021 na rage adadin wannan kifi daga ashirin zuwa goma ko biyar a wasu zaɓaɓɓun tafkuna, amma tafkunan da matakin ya shafa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da waɗanda ake hawa kansu duk hunturu.

Akwai kuma kifin da ke mutuwa ba tare da ya shiga bokitin kowa ba. Kifin da aka fizgo daga zurfin ƙafa talatin ko fiye, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura saboda sauyin nauyin ruwa, idanunsa su firfito, wani lokaci har tumbinsa ya leƙo ta baki. Na taɓa tsayawa kusa da wasu samari a wani tafki da ba zan ambaci sunansa ba, suna ciro kirafi ɗaya bayan ɗaya daga wuri mai zurfi suna mayar da ƙananan cikin rami, da kyakkyawar niyya, suna ganin adana su suke yi. Da na leƙa ta cikin ƙanƙarar, wadda a shekarar ta yi garau kamar gilashi, sai ga kifayen nan kwance a ƙarƙashinta sun juya ciki sama, sun kasa nutsewa. Samarin nan ba su karya wata doka ba, kuma da na nuna musu abin da na gani nan take suka tattara suka koma wuri marar zurfi, wanda ya tabbatar mini cewa rashin sani ne ya fi yawa a wannan lamari, kuma abu ne da sanarwa a jikin lasisi da kuma a bakin kowace mashiga za ta rage shi sosai.

Mutane kan ɗauki maganar kaurin ƙanƙara da maganar yawan kamu a matsayin abubuwa biyu mabambanta, ni kuwa a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Hukumomin jihar nan sun bayyana a 2021 cewa cikin shekaru hamsin tafkunanmu sun rasa kwana 10 zuwa 14 na ƙanƙara a matsakaicin lissafi, kuma hunturun 2023 zuwa 2024 ya zama mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar. Idan tafkunan kudu ba su daskare da wuri ba, masuntansu ba sa haƙura su zauna gida, arewa suke yi gaba ɗaya, su taru a kan 'yan tafkunan da suka riga kamawa. Tafkin Red Lake na sama ba shi da zurfi, saboda haka yana cikin na farkon daskarewa, kuma a makonnin farko ne wolai ya fi cin ƙugiya a cikinsa. Wannan ne ya sa a ƙarshen Nuwamba 2022 aka ceto kimanin mutum 200 bayan ƙanƙarar da suke kai ta balle daga gaɓa, sannan a ranar 29 ga Disamba 2023 aka sake kwaso mutum 122 daga wannan tafki, har shugaban 'yan sandan gundumar Beltrami ya taƙaita hawa da ababen hawa na ɗan lokaci. Kowa ya san shawarar sashenki cewa kada a taka sabuwar ƙanƙara sai ta kai inci huɗu, kuma babu ƙanƙarar da za a rantse a kanta, amma shawara ba ta tsayar da wanda ya tuƙo mota awa biyar ya kuma riga ya biya kuɗin masauki. Cunkoson da ke jefa rayuka cikin haɗari shi ne dai cunkoson da ke sauke nauyin jiha guda a kan kifin tafki ɗaya cikin makonni kaɗan.

Red Lake ɗin nan kuwa ya taɓa ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 wolai ya kusa ƙarewa a cikinsa saboda yawan kamu daga kowane ɓangare, har al'ummar Ojibwe ta Red Lake, wato 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, ta dakatar da sana'arta ta kamun kifin sayarwa a 1997, sannan a 1999 ita da jiha da gwamnatin tarayya suka ƙulla yarjejeniyar hana kamun wolai baki ɗaya. An zuba 'ya'yan kifi a 1999 da 2001 da 2003, ba a sake buɗe kamu ba sai 2006. Farfaɗowar abin alfahari ce, amma shekara bakwai aka yi ana biyan bashin abin da aka ƙi tsayarwa da wuri, kuma ƙananan tafkunan da nake magana a kansu ba su da gatan da za a yi musu irin wannan taron dangi. Game da Mille Lacs, adalci ya sa in faɗi cewa raguwar wolai da ta kai ga rufe kamunsa a tsakiyar lokacin kamun kifi cikin Agusta 2015 ba za a ɗora ta kan masunta kaɗai ba, domin baƙin halittun ruwa da suka shigo da kuma washewar ruwan sun rage yawan 'ya'yan kifin da ke rayuwa su girma. Ba kuma daidai ba ne a riƙa jifan ƙabilun Ojibwe da laifi, waɗanda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da haƙƙinsu na kamun kifi a ƙarƙashin yarjejeniyar 1837 a hukuncinta na 1999, kuma kamunsu ana auna shi a sikeli fiye da yadda ake auna namu. Darasin Mille Lacs a wurina shi ne, tafkin da yanayi ya riga ya raunana ba ya iya ɗaukar kamun da yake ɗauka a da.

A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai ranar biki ta zo, kuma saboda wannan hanin ne masu gora da koma ke fito da manyan giwan ruwa a ranar. Sarkin Ruwa ba ya jiran kifi ya ƙare kafin ya ce a dakata. Na kawo wannan ne kawai domin in nuna cewa masunta na karɓar hani idan sun ga amfaninsa da idonsu, kuma na yi imani masuntan Minesota ma haka suke.

Abin da nake roƙo da farko shi ne a ware kuɗi da ma'aikata domin ƙirga kamun hunturu a matsakaitan tafkunan da jama'a suka fi yi wa rubdugu, ana juyawa daga wannan zuwa wancan, a kuma riƙa tambayar masunta ko suna amfani da na'urar hangen kifi, domin duk shawarar da za a yanke a kanta ta tsaya bisa awo. Ban nemi a haramta na'urar ba, ban kuma ga yadda za a iya tsare irin wannan haramci ba. Abin da za a iya tsarewa shi ne adadi, don haka ina goyon bayan a mayar da wolai daga shida zuwa huɗu a faɗin jihar, maganar da ta daɗe a bakin jama'a, a kuma faɗaɗa ragin bulugil da kirafi zuwa ƙarin tafkuna tun kafin awo ya nuna sun lalace. Ina kuma roƙon a duba yiwuwar doka a tafkuna masu zurfi da za ta sa duk kifin da aka ciro daga wuri mai zurfi ya shiga lissafin mutum, ya tashi daga wurin idan ya cika adadinsa. Dokar hana barin shara da bayan gida a kan ƙanƙara da ta fara aiki a 2023 ta nuna cewa majalisa na saurarawa idan masunta da sashenki suka haɗa baki, sai dai ita ma, kamar sauran, tana buƙatar jami'an sintirin da za a riƙa gani a kan tafki da daddare da ƙarshen mako, lokacin da ɗakunan suka fi cika.

Na san masu masaukai da masu sayar da abincin ƙugiya a garuruwa irin su Waskish da Baudette da Isle da 'yan watannin nan suke ciyar da iyalansu, kuma duk ragin adadi yana tsorata su da cewa baƙi za su karkata wata jiha. Tsoronsu na da tushe, shi ya sa nake ba da shawarar a zauna da su tun daga farko, a sanar da duk wani sauyi kafin su fara karɓar kuɗin ajiyar ɗakuna, maimakon a tsakiyar lokacin kamun kifi kamar yadda ya faru a Mille Lacs. Ina fatan sashenki zai bayyana wa jama'a, kafin ƙanƙarar baɗi ta kama, tafkuna nawa ne za a ƙirga kamunsu a hunturu da kuma inda za a samo kuɗin yin hakan.

Ki huta lafiya.

Naki,
Wani mazaunin Minesota mai riƙe da lasisin kamun kifi.