Rijiyar da ka ce ta bayar: amsa ga ƙanena mai gabatar da shiri

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Ban ji shirinka na daren Asabar a lokacin da kake yin sa ba, ina wajen ta'aziyya a Gwarzo. Kafin in iso gida mutum huɗu sun turo min shi a WhatsApp, har da 'yata da ke aure a Zariya, wadda ta kira muryarta na rawa. Na zauna na saurara sau biyu, don kada in zalunce ka.

Tambayarka ita ce: ni da na bi situdiyo-situdiyo a Titin Gidan Zoo ina raba wa mawaƙa fom su shiga ƙungiyar karɓar kuɗin haƙƙin waƙa, yau sama da shekara goma, ina kuɗin? Ka ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Ka tambayi inda na samo motar da nake hawa, da wanda yake biya min kuɗin zuwa Legas. Sannan ka rage murya, irin yadda kuke yi idan za ku soki mutum, ka ce har marayun maigidana na sa suka dangwala hannu, kuma Allah kaɗai ya san abin da aka sayar a takardar nan.

Maganar mota ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ta girmi shirin naka, kuma bakanikenta na nan a Kofar Ruwa, ya fi ni sanin tarihinta. Legas kuwa a motar dare nake zuwa, da kuɗin aljihuna. Abin da ya taɓa shigowa asusuna da sunan haƙƙin waƙa, in an tara shi duka, bai kai kuɗin zuwa da dawowa sau ɗaya ba.

Maganar marayu ce ta hana ni barci. Kana ɗan firamare nake yi wa mutumin nan amshi. Na ɗauki kayan kiɗansa a ka, na kwana a ƙofar gidajen biki ina gadin kalangai, kuma ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Da za a ce akwai wanda zai sayar da gumin sa, to ba wanda ya ga yadda gumin ya zuba ba ne. Takardar da 'ya'yansa suka sa wa hannu ba ta ciniki ba ce, ta wakilci ce: sun wakilta ƙungiya ta karɓar musu kuɗi a wajen duk wanda ya yi amfani da waƙoƙin mahaifinsu a bainar jama'a. Mallaka tana nan a hannunsu. A zauren gidan aka karanta ta, aka fassara ta da Hausa, a gaban mai unguwa da limamin masallacinsu, kuma kwafinta na wajen babban ɗansa. Tsakanin gidan rediyonku da gidan nan ko a adaidaita sahu ba ka kashe kuɗin kirki ba. Da ka je kafin ka buɗe makirufo, da ka hutar da ni wannan rubutu.

Dalilin da ya sa na matsa musu su cike fom ɗin shi ne doka ta ba su abin da ba su san suna da shi ba. A Najeriya haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa ba ya mutuwa da shi, yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: lissafin magadansa sai 2069 zai ƙare. Haka na maigidana, haka na duk wani makaɗi da ake jin muryarsa kullum a rediyo alhali iyalinsa na neman na cefane. Kuma ka tuna da wace waƙa ka buɗe shirin da ka zarge ni a cikinsa? Tasa ce. Minti nawa ta yi tana tafiya kafin ka yi sallama? Nawa gidanku ya ajiye wa marayun da kake tausayi?

Bari in yi maka bayanin rijiyar, tunda da alama ba a yi maka ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da wani kuɗi nasu, kuma ba gwamnati ce ke zuba musu ba. A Faransa aka fara abin, a 1851, bayan wasu masu tsara waƙa sun ƙi biyan kuɗin abin da suka sha a wani gidan shaƙatawa na Paris, suka ce ai su ma ana kaɗa waƙarsu a wurin ba a biya su ba, kotu kuma ta ba su gaskiya. Tun daga nan tsarin bai sauya ba. Gidan rediyo, gidan talabijin, otal, zauren biki, duk mai jan jama'a da kiɗan wani, ya sayi lasisi. Ƙungiya ta tara kuɗin, ta cire na gudanarwa, wanda ƙa'idar da aka shimfiɗa a 2007 ta ce kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, sauran ta raba. To da me za ta raba? Da jadawali. Kowace tasha ta rubuta waƙar da ta saka, ta wane ne, ranar da aka saka, sau nawa. In babu jadawalin nan, ba yadda za a yi mutumin da ke zaune a ofis a Ikeja ya san cewa an kaɗa wani makaɗin kukuma sau talatin a Kano a wata ɗaya. Sai dai a yi rabon bai-ɗaya, kowa ya sami ɗan abin da ba ya sayen buhun shinkafa, babban kaso kuma ya tafi ga waɗanda sunayensu suka fito a takardun tashoshin da suka rubuta.

Na zo gidanku da kaina, da fom ɗin jadawalin nan a hannu, ba sau ɗaya ba. An ba ni kujera, an ba ni ruwa, manajanku ya ce min: “Malam, ai tallata ku muke yi, ku ya kamata ku biya mu.” Kuma a gaskiya ana biya. Kai ma ka san kuɗin man da yaro yake ajiyewa a ambulan kafin sabuwar waƙarsa ta ga iska. Ba zan ce kai kana karɓa ba, ƙanena. Zan dai ce laifi tudu ne.

Wannan amsa ta manajanku ba shi ya ƙirƙire ta ba. A ƙarshen 2013 ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da talabijin, wato BON da IBAN, sun yi shelar daina saka waƙoƙin 'ya'yan COSON, ƙungiyar karɓar kuɗin haƙƙin waƙa, saboda rikicin kuɗin lasisi, sai a 2014 aka zauna aka yi yarjejeniya. Can Kudu ke nan, inda aƙalla an yi faɗan. Mu nan ko faɗan ba a yi ba, domin ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmancin da za a yi faɗa a kanta.

Yanzu ga abin da ya kamata ka tambaya, wanda ba ka tambaya ba, watakila don ba shi da daɗin ji kamar maganar mota. Ƙungiyar MCSN, ita ma ta karɓar kuɗin haƙƙin waƙa, ta daɗe, tun 1984 take. A 2010 Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ta ba COSON, ƙarƙashin Tony Okoroji, izinin zama ita kaɗai mai karɓar kuɗin waƙa a ƙasar nan. (NCC ɗin da nake nufi ke nan, ba ta layukan waya ba, wadda ka yi ta ambata a shirinka kana neman ta yi bincike.) MCSN ta Mayo Ayilaran ba ta yarda ba, aka shiga kotu, aka shekara da shekaru ana ja. A 2017 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin a ba MCSN izini ita ma. A Disambar shekarar rikicin shugabanci ya ɓarke a cikin COSON kanta: wani ɓangare na hukumar gudanarwa ya ce ya cire Okoroji ya naɗa Efe Omorogbe, taron 'ya'yan ƙungiya ya ce ya mayar da Okoroji. A 2018 hukuma ta dakatar da izinin COSON, COSON ta ce ba ta yarda ba, aka sake komawa kotu.

Ba zan yi alƙalanci tsakaninsu a nan ba. Abin da na gani da idona shi ne amfanin da masu bashi suka ci da rikicin. Duk mai otal ko mai tasha da aka je wa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce: wa zan biya a cikinsu? Ku je ku sasanta tukuna. Wanda dama ba shi da niyyar biya ya sami hujja a ɓagas. Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988 kuma ta taɓo harkar intanet, amma doka ba ta da ƙafar da za ta taka ta shiga ofishin manajanku.

Ina da laifi, kuma zan faɗe shi da bakina kafin ka gayyato wani ya faɗa min. Na yi gaggawar alkawari. Na tsaya a gaban yara na ce kuɗi na nan tafe, alhali abin da ya kamata in ce shi ne: ga ƙofa, amma sai mun yi shekaru muna bugawa. Wasu sun ɗauka da sun cike fom za su ji ƙarar saƙon banki. Da shiru ya yi yawa sai suka fara kallona, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya miƙa maka takarda shi ka sani, ba ka san wani ofishi a Legas ba. Su na yafe musu. Kai da kake da makirufo da lokacin bincike, hukuncinka daban.

Kuma ko da a ce gobe Legas ta daidaita, kowace tasha ta biya, akwai ramin da mu muka haƙa da hannunmu. Yaro zai kwana uku yana tsara waƙa, furodusa ya ba shi abin da ya ba shi, a yi musabaha, shi ke nan. Babu takardar da ta ce wannan ne ya rubuta baitoci, wannan ya yi kari, wannan ya yi kiɗa, wannan ya biya kuɗin ɗaukar sauti. Alhali a doka haƙƙin waƙar daban, haƙƙin sautin da aka ɗauka daban. Ran da kuɗi ya zo, mutum huɗu za su tashi kowa ya rantse tasa ce. Na sha zaman sulhun irin wannan har na gaji. Da can 'yan kasuwar kaset da faifai ne ke sayen waƙa ɗungurungum, daga baya masu tura waƙa a memori suka karɓe, yanzu kuma kowa ya buɗe tasha a YouTube. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tushen abin, a ganina, ya fi haka zurfi. Mun tashi mun tarar ana yi wa mawaƙi kyauta: riga, doki, mota, kujerar Makka, liƙi a goshi. Kyauta kuwa ganin dama ce, in an ba ka ka gode, in an hana ka ka yi shiru. Shi ya sa ran da mawaƙi ya ce a biya shi haƙƙinsa, sai a ji kamar maroƙi ne ya yi rashin kunya. Attajirin da zai liƙa maka dubu ɗari a wajen biki don a ambaci sunansa, shi ne zai ji haushi in ka ce otal ɗinsa ya sayi lasisi. Ni abin da na yi ta ƙoƙarin cusa wa mutane shi ne wannan kuɗi bashi ne, ba alheri ba. A kan haka wasu manya suka daina amsa gaisuwata tun kafin ka san hanyar gidan rediyo.

Akwai abu ɗaya da na so in bari a tsakaninmu, amma kai ka kawo mu kasuwa. Mako biyu kafin shirin nan na aiko maka da saƙo, cikin mutunci, game da tashar YouTube ɗin da ake ɗora tsofaffin kaset ɗin maigidana, wadda lambar da ke jikinta ta yi kama da taka ƙwarai. Na ce a zauna da 'ya'yansa a yi magana. Ba ka amsa ba. Sai ga shi daren Asabar ka tashi da tausayin marayu. Ban ce wannan ne ya jawo wancan ba, amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Ka ce in fito in yi wa jama'a bayani. Na amsa gayyata. Ka ba ni rana a shirin naka, kai tsaye, ba wanda za a naɗa a yanke ba. Zan zo da jakar takarduna: kwafin fom ɗin da na raba, da bayanin asusuna na banki na shekarun nan, da babban ɗan maigidana in ya yarda, ya karanta takardar da bakinsa. Kai kuma ka zo da abu biyu kacal: rasiɗin lasisin kiɗa na gidanku, na kowace shekara ka ga dama, da jadawalin waƙoƙin da kuka saka a mako ɗaya. In babu jadawalin, kada ka damu, ina da sauran fom ɗin da na kawo muku wancan karon. Zan taho da biro.

Ka gaida manaja.

Yayanka,
tsohon ɗan amshi, daga Kano.