Ciyawar bakin titi: a yanke ta da lissafi, a daina cinna mata wuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni direban motar haya ne, hanyar Funtuwa zuwa Zariya nake bi. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan ciyawar bakin titi, abin da wasu za su ce bai kai a kawo shi jarida ba.

Daga Agusta zuwa Oktoba gamba da kyasuwa kan tashi su shanye gefen hanya, gamba ma har ta haura mita 2. A miƙaƙƙiyar hanya da sauƙi. A kwana da mararraba ake shan wuya. Allon alama ya ɓace cikin ciyawa, mai babur ya fito daga hanyar ƙauye ba ka gan shi ba sai ya hau kwalta, haka yaro mai kora shanu. In tirela ta matse ka ka kauce, ba ka san ko kan ƙasa za ka sauka ko cikin kwalbati ba.

Maganin da muka saba shi ne a jira hunturu a ƙyasta ashana, wani lokacin ma masu neman gafiya ne ke yi mana aikin. Duk direban da ya taɓa shiga hayaƙin nan ga hazo ya san ba ya ganin ko fitilar motar da ke gabansa. Wasu kuma sun koma feshi, su ƙone komai har saiwa. To saiwar nan ita ke riƙe ƙasar gefen titi. Ruwan farko na sauka sai ya kwashe ta, kwalta ta fara ɓantarewa daga baki.

Akwai kuma abin da ba a lissafawa. Gonaki sun cinye daji, sun cinye burtali, a wurare da yawa ɗan zirin nan na bakin titi ne kaɗai ya rage ba a nome ba. Nan fakara ke ɓuya, nan bushiya da hawainiya suke. Ƙudan zuma na bin furannin da ke wurin, su ne kuma ke zagaya furen kabewa da kankana a gonakinmu. Mata na tsinkar tafasa su yi kwaɗo, a yanki gamba a saƙa zana, masu kiwo su tara kyasuwa don rani. Muna wuce cibiyar binciken dabbobi ta Shika kullum, inda masana suka ɗauki gamba abincin dabba mai daraja, mu kuwa muna banka mata wuta a bakin hanya.

Ga shawarata ga FERMA, wadda aka kafa a 2002 don gyaran hanyoyin tarayya, da ma'aikatun ayyuka na jihohi. A riƙa sassabe kamar taku biyu ko uku daga bakin kwalta, tun cikin damina, a maimaita kafin kaka. A kwana, mararraba, bakin gada da gaban makaranta a faɗaɗa sosai yadda direba zai hango nesa. Abin da ke bayan wannan a bar shi ya zubar da iri, sannan a bai wa mutanen ƙauyukan da ke kusa su yanka da lauje su kwashe. Da can akwai leburorin hanya da langalangarsu, kowa da yankinsa. Matasan Giwa da Shika ba za su ƙi irin wannan aiki ba in za a biya su.

Jami'an kiyaye haɗurra kuma, tunda sukan shigo tasha su yi mana wa'azin gudu a ƙarshen shekara, su tambaye mu kwanonin da ciyawa ta rufe. Mun san su ɗaya bayan ɗaya, za mu kai su har wurin.

Naku,
Wani direba daga Funtuwa, Jihar Katsina