Maganar da ban bar Baba ya ƙarasa ba

Landan, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya jikin Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi? Ka gaishe min da ita da kyau. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya shigo, tun ƙarfe huɗu na yamma gari yake yin duhu.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga wajena, mu da muka saba da saƙon murya na minti biyu a WhatsApp. Maganar ce ta fi ƙarfin saƙon murya. Sau uku ina farawa ina gogewa, sai na ga gara in zauna in rubuta, ka karanta a natse.

Makonni uku da suka wuce na je wani taro da ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba. Wata abokiyar aikina a asibiti, dattijuwar nas Baturiya, ita ta gayyace ni. Sunan taron Death Cafe. Majalisar shan shayi ce, amma hirar da ake yi a cikinta ta mutuwa ce kaɗai. Da ta faɗa min sai da na yi a'uziyya a zuci. Na ce mata mu Musulmi ba a koya mana zancen mutuwa, da shi muka tashi. Ta ce to ai shi ya sa take son in zo, wataƙila su ƙaru da ni. Kunyarta ce ta kai ni.

A wani ɗaki na bayan laburaren unguwa aka yi shi. Mu goma sha ɗaya ne, aka raba mu tebur biyu. Butar shayi a tsakiya, da kek da aka yayyanka a faranti. Babu mai wa'azi, babu likita mai lacca, ba a karɓi ko kwabo ba. Mai jagorantar zaman ta faɗi ƙa'idoji cikin minti biyu: ba a zo sayar wa kowa komai ba, ba a zo jan kowa zuwa wani addini ko ra'ayi ba, kuma abin da aka faɗa a nan a bar shi a nan (shi ya sa ba zan kama maka sunan kowa ba). Daga nan ta ce kowa ya faɗi abin da ya kawo shi, ta yi shiru.

Bayan na dawo gida na bi diddigin abin. Wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Bernard Crettaz ne ya fara shi a garin Neuchâtel a 2004, 'yan shekaru bayan rasuwar matarsa. Shi mutumin kan duwatsu ne, daga wani kwari da a da mutanensa kan ajiye curin cuku shekara da shekaru domin a ci ranar jana'izarsu. Da na karanta wannan sai na tuna kakata, wadda ta dawo daga Makka da likkafaninta, ta naɗe shi a ƙasan adaka, duk shekara ta fito da shi ta shanya ta mayar. Ashe tsofaffin ko'ina sun san wannan shiri. Crettaz ya ga birni ya raba mutanensa da shi, an bar mutuwa a hannun asibiti da kamfanonin jana'iza, sai ya ce a mayar da zancenta teburin shan shayi. Wani Bature mazaunin Landan, Jon Underwood, ya karanta labarinsa a jarida, ya shirya irinsa a gidansa da ke Hackney a watan Satumba na 2011, mahaifiyarsa ce ta jagoranci zaman. A 2012 wata mata mai suna Lizzy Miles ta kai shi jihar Ohio a Amurka, yanzu ana yinsa a ƙasashe fiye da 80. Shi kansa Underwood ya rasu a watan Yuni na 2017 yana da shekara 44, da kansar jini da ba a ma san yana ɗauke da ita ba. Ya faɗi, bayan kwana biyu rai ya yi halinsa.

Ka san dalilin da ya sa mutanen nan suke buƙatar irin wannan? A teburinmu akwai wata tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai. Ta ce ba ta taɓa ganin gawa da idonta ba sai ta mijinta, bara. Na yi shekaru ina aiki a ƙasar nan, na san gaskiya ta faɗa. Mutum zai cika a asibiti, a ja labule, a wuce da shi ɗakin sanyi, kamfani ya zo ya ɗauka. Sai a yi mako biyu ko uku kafin jana'iza, kuma kusan takwas cikin goma ƙona su ake yi, a ba iyali toka a tulu. Maƙwabci na iya rasuwa ba ka ji ba sai ka ga an kafa allon sayar da gida. Na ba su labarin namu: yadda ake rasuwa da asuba a binne kafin azahar, 'yan'uwa su yi wanka da hannunsu, maza su yi ta karɓa-karɓar makara har makabarta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, maƙwabta su yi ta aiko da abinci. Tsohuwar nan ta riƙe kofinta da hannu biyu tana kallona, ta ce da ta sami ko da wuni ɗaya irin wannan, da ba ta yi wata shida tana magana da bango ba. Wallahi na ji tausayinta, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji alfahari da abin da Allah ya ba mu.

Sai wata yarinya ta yi magana. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, ta ɗaure kanta da ɗankwali, kuma ni da nake aikin jinya na san abin da ya cinye gashin. Ta ce likitoci sun gaya mata gaskiya, ta kuma karɓa. Damuwarta ɗaya ce: duk sanda ta buɗe baki za ta gaya wa yayarta inda take so ɗanta ya zauna, da abin da take so a yi mata in ta daina gane mutane, sai yayar ta kama hannunta ta ce ta daina irin wannan magana, za ta warke. Ta ce ta san ƙauna ce. Amma ƙaunar ta bar ta ita kaɗai da abin da ta sani. Shi ya sa ta hau bas ta zo wurin baƙi, don su ba za su katse ta ba.

Aminina, a nan shayin ya tsaya min a wuya.

Kai ka san rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, tare muka sa shi a kabari. Abin da ba ka sani ba, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba ko Inna, shi ne abin da ya faru kimanin mako uku kafin nan, lokacin da na zo hutu. Bayan isha'i ne, an ɗauke wuta, ina yi masa fifita. Ya ce in jawo masa baƙar jakar nan tasa daga ƙarƙashin gado. Na jawo. Ya ɗora ta a cinya, ya ɗora hannu a kai, ya ce, "Zauna nan, akwai abin da nake so ka sani tun ina da bakin faɗa." Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Allah zai ba ka lafiya, kai za ka yi komai da hannunka." Ya ce, "To." Ya ɗan yi shiru. Ya sake cewa, "Maganar gonar nan ta hanyar…" Na ce, "Baba, don Allah ka kwanta ka huta." Na karɓi jakar daga cinyarsa na mayar ƙarƙashin gado. Bai hana ni ba. Ya bi jakar da kallo, sannan ya juya ya fuskanci bango.

Ni nas ne. Na ga ƙafafunsa, na ga idonsa, na fi kowa a gidan sanin inda jikin ya kai. Tsoro ne ya kama ni, na lulluɓe shi da addu'a.

Sauran kai shaida ne. A makabarta liman ya yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami iyalinsa, Yaya ya ce ya ɗauka. Bayan sadakar bakwai wani mutum ya zo da maganar jinginar gonar, babu takarda, wanda aka ce shi ne shaida ya riga Baba rasuwa. A jakar mun sami wata takarda da rubutun ajami na Baba, lambobi da farkon sunaye, babu wanda ya gane wa ke bin wa. Shekara shida ke nan, Yaya da ƙanin Baba ko a sallar idi ba sa haɗa sahu. Minti goma Baba ya nema a wurina daren nan.

Tun daga ranar taron nake juya abin a raina. Mu Hausawa ba ma gudun ambaton mutuwa. Mutuwa rigar kowa, rai baƙon duniya, Allah ya sa mu cika da imani, kullum suna bakinmu. Amma mutuwar kowa da kowa muke zance, ko ta wanda ya riga ya tafi. Da zarar mutum ɗaya mai rai ya ce "tawa", ya fara lissafa bashinsa da ajiyarsa da wanda yake so ya riƙe 'ya'yansa, sai mu ce yana yi wa kansa mugun fata, mu rufe masa baki. Alhali hadisin Ibn Umar yana nan a Buhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Tare muka haddace shi a Islamiyya. Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana kwance ba lafiya ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, nawa zai bayar daga dukiyarsa, kuma ba a ce masa ya bar maganar ba, amsa aka ba shi: sulusi, sulusin ma da yawa.

Ba ina cewa a kwaso taron Turawa a kai Kano ba. Akwai abin da ya rasa wanda ni ba zan iya zama babu shi ba. Awa biyu ana zancen mutuwa ba a ambaci abin da ke bayanta ba sai a kaikaice, aka tashi ba addu'a, kowa ya ɗauki rigar sanyinsa. A kan matakala na karanta tawa ni kaɗai. Mu muna da zaure, muna da majalisar ƙofar gida, muna da teburin mai shayi, muna da malamai. Abu ɗaya na gani a ɗakin nan da na yi sha'awa, wato yadda yarinyar nan ta yi magana har ta kai aya, babu wanda ya ce mata haba.

To ga dalilin wasiƙar. Na rubuta wasiyyata, na sa hannu a gaban shaidu biyu kamar yadda dokar nan ta tanada. Dole ce ta sa, domin a Ingila in mutum ya rasu babu wasiyya ya bar mata da 'ya'ya, matar ce ke ɗaukar kayansa na amfani da fam 322,000 na farko, sannan a raba abin da ya saura biyu tsakaninta da 'ya'ya. Iyaye ba su da ko sisi. Abin da na mallaka bai kai wannan adadi ba, ka ga ke nan Inna da Allah ya yanka wa sudusi ba za ta sami komai ba, maman yara da ke da sumuni ta tashi da duka, ta ɗauki nauyin da ba ta nema ba. Mun zauna da ita mun yi maganar. Ta yi kuka, sau biyu tana cewa in bari, na roƙe ta ta bar ni in ƙarasa, ta bari.

Abu na biyu zai yi wa mutanen gida nauyi, shi ya sa nake so ya fito daga bakinka in lokacin ya yi. Idan ajalina a nan yake, a nan nake so a binne ni, a makabartar Musulmi ta Gardens of Peace da ke gabashin Landan. Na sha raka gawa can, ana yin komai bisa sunna. Kada a ce sai an kawo ni gida. Kafin a sa gawa a jirgi sai an ɗura mata magani, an rufe ta a akwati mai rufin ƙarfe, a yi kwanaki ana bin takardu, a kashe dubban fam da marayu suka fi buƙata. Ka gaya wa Inna ni na zaɓa da hankalina, kuma addu'arta za ta same ni duk inda nake.

Na uku, bashi. Akwai ragowar kuɗin bulo na ginin nan nawa da ban biya ba, kai ka haɗa ni da mai shi, ka san adadin. Akwai kuma ajiyar da wata gwaggona ta ba ni tun kafin in taho, na rubuta sunanta da adadin a takardar da zan turo maka daban. Takardun filin suna wurinka dama. Wanda nake bi kuwa mutum ɗaya ne, ka san shi, na yafe masa, kada a tambaye shi.

Lafiyata ƙalau, kada hankalinka ya tashi, ko ciwon kai ba na yi. Kuma don Allah kada amsarka ta zama "Allah ya ja kwana" kawai. Ka ce amin, sannan ka rubuto min naka. Wa kake bi, wa ke binka, wa kake so ya tsaya wa yaranka. Zan riƙe maka kamar yadda za ka riƙe min.

In Allah ya kai mu bayan ƙaramar salla zan zo. Ina so in zauna da Inna, mu biyu, in tambaye ta ko akwai abin da take so in sani, kuma wannan karon in yi shiru. Ina kuma so ka raka ni wurin ƙanin Baba da takardar ajamin nan, ko shi zai gane hannun ɗan'uwansa. Ka fara yi masa maganar a hankali tun yanzu, ya fi jin nauyinka a kan nawa.

Ka gaida Hajiya, ka shafa min kan yara.

Wassalam,
Naka amini