Teku ma tana da jadawali

King's Lynn, Ingila
Daren Lahadi, ƙarshen Nuwamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya kankama. Yanzu kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, in mutum ya yi sakaci da la'asar sai magariba ta riske shi yana alwala.

Na ji saƙon muryarka, har da dariyar da ka yi ta ƙyaƙyatawa don na ce ba zan iya yanke maka ranar da za mu yi waya ba sai na duba jadawalin teku. Ka ce wai na je Turai na koma bokan ruwa. To zauna ka ji, tunda kai ka tono.

Ka san asibitin da nake aiki yana kusa da wani makeken lungun teku da ake kira Wash, tsakanin Norfolk da Lincolnshire. Koguna huɗu ne ke zuba a ciki: Witham, Welland, Nene da Great Ouse, wanda ya ratsa garinmu. In ruwa ya janye sai ka ga fili fetal na laka da yashi iya ganinka, daga nan ciyawar gishiri da ƙananan kwazazzabai sun tsattsaga ta, sai jingar da ta raba teku da gonaki. Kamar fadamar Nguru da kaka, ban da kacala. Nan agwagin daji da dinya suke sauka da hunturu. Akwai wata dinya mai jajayen ƙafafu da ke tasowa tun daga Aislan, in suka tashi da asuba dubbai a jere, kukansu kaɗai ya isa ya fito da mutum daga bargo. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon manomi, shi ya fara jana farautar tsuntsayen nan bara. Na shekara ina ɗaukar masa jaka kafin ƙungiyarsu ta karɓe ni, don a Ingila ba ka wayi gari ka saɓi bindiga ka nufi gaɓa. Sai da takardar izinin bindiga daga 'yan sanda, sai kuma ƙungiyar maharba da ta karɓi hayar wurin, kuma sabon shiga ba ya fita shi kaɗai. Lokacin ma a ƙayyade yake: daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu a kan tudu, amma a gaɓar da babbar cikar teku ke rufewa ana kaiwa har 20 ga Fabrairu. Ka ga ita kanta doka da tekun take awo. Harsashin dalma kuwa tun 1999 aka hana shi a gaɓa.

Ranar farko, kafin dattijon ya nuna mini ko tsuntsu ɗaya, sai ya miƙo mini wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba, ya ce in je in koyi karanta shi.

Mu mun saba da ruwan da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Damina ta yi nisa, a saki ruwa daga Tiga da Challawa, kogin Haɗeja ya tumbatsa, a yi ta gyaran jinga, bayan 'yan watanni ya ja da baya. Nan abin da muke jira shekara guda sau biyu yake faruwa kowace rana. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da kamar minti 25, saboda haka kullum sai lokacin ya gusa gaba da wajen minti 50. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu, don wata ne ke jan ragamar. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, sai a yi babbar cika, ruwa ya hau can sama ya kuma janye can nesa. Wajen bakwai ko takwas ga wata, da kuma ashirin da 'yan kai, sai ƙaramar cika, ruwa ya yi ta kai-komo a tsakiya, ko ciyawar ba ya taɓawa. Dattijon ya yi mamaki da na gaya masa kalandar sallah da ke manne a kicin ɗina tana faɗa mini makon da teku za ta yi ƙarfi. In na ga masu azumin fararen kwanaki sun shirya sahur, na san babban ruwa na tafe.

Matsalar ita ce maharbi babbar cikar yake so. Da ƙaramar cika agwagi suna can bakin ruwa, nesa da inda ƙafa za ta kai, sun yi zamansu. Sai babban ruwa ya taso su daga kan laka suke bin gefen ciyawa suna neman wurin sauka. Kuma a Wash babbar cika da sassafe take faɗowa da kuma yamma, daidai lokacin da tsuntsu ke tashi, daidai lokacin da ido ba ya gani sosai.

Samun jadawalin ba wuya. Wahalar tana wajen zaɓe. Asalinsa akasari daga ofishin gwamnati mai zana taswirar teku yake, wanda ke Taunton, su ke buga manyan kundayen Admiralty da jiragen ruwa ke amfani da su. Suna da shafi a intanet, EasyTide, da ke ba ka kwana bakwai kyauta. Cibiyar nazarin teku ta Liverpool ma tana sa na kwana 28 na wasu tashoshin jiragen ruwa. Sai ƙananan littattafan shekara da ake sayarwa fam biyu ko uku a shagunan kayan kamun kifi da na jarida. Sai kuma manhajojin waya, su kam ba iyaka, wasu ba ka san daga ina suka kwaso alkalumansu ba.

Ni ɗan littafin na fi so, kuma ba don tsufa ba. Da shi nake duba watanni gaba in san ranakun da zan nemi hutu a wurin aiki. Ba ya buƙatar caji. Wayar nan da kake ganin ta cika, in ta kwana biyu tana shan sanyin gaɓa sai batir ya zube kamar an huda shi, ga yatsa jiƙe da laka ba ya latsa komai. Amma daren fita nakan buɗe EasyTide in gwada da littafin. In suka saɓa da fiye da 'yan mintuna, to ɗayanmu ya yi kuskure, kuma yawanci ni ne.

Abu na farko da ake dubawa shi ne tashar. Ba kowane gari ake yi wa lissafi na kansa ba. Akwai manyan tashoshi, sauran kuma ana ɗora su a kai da ƙari ko ragi na mintuna da tsayi. Mu nan babbar tasharmu Immingham ce, can a kogin Humber, ita King's Lynn da Boston da Hunstanton suke jingina da ita. In ka ɗauki lokacin Immingham tsurarsa ka shiga laka da shi, ka bar gyaran da ke shafin baya, kamar wanda ke Sakkwato ne ya sha ruwa da kiran sallar Maiduguri. Manhajar waya kuma takan zaɓa maka tashar da ta fi kusa a taswira, ba ruwanta da ko tana cikin kogi ne ko a bakin teku, alhali ruwa ba iri ɗaya yake hawa a wuraren biyu ba.

Sai tsayi. Kusa da kowane lokaci akwai lamba, a Immingham babbar cika takan ɗan wuce mita 7, ƙarama kuwa ba ta cika 6 ba. Da farko na ɗauka zurfin ruwan ne a inda nake tsaye. Ashe daga wani ma'auni ake ƙirgawa, wajen inda ruwa ya fi janyewa ƙasa, kuma ba shi ne ma'aunin da ke kan taswirar tudu ba. Don haka lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san wurinka. Dattijon a bayan littafinsa ya rubuta da fensir: a lamba kaza kwazazzabon farko ke cika, a lamba kaza ciyawa ke nutsewa, a lamba kaza ruwa ke taɓa gindin jinga. Shekaru ya yi yana tara wannan. Da ɗan gari akan ci gari. Abin kula shi ne lambobinsa da littafin tasha ɗaya suke tafiya, in ka canja tasha sun tashi aiki.

Ya kuma koya mini yadda ruwan ke hawa cikin awa shida. Ka raba dukan hawan kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowace, sai 2, sai 1. Wato rabin ruwan cikin awa biyu na tsakiya yake zuwa. Ranar da tazarar ta kai mita 6, cikin awa guda ruwa ya hau mita ɗaya da rabi. Tsayin ƙanwarka ke nan.

Yanzu bari in ba ka labarin abin kunyar da na yi a farkon Oktoba. Agogon Ingila iri biyu ne. Da bazara ana tura shi gaba da awa ɗaya, ya zama daidai da naku, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da shi. Jadawali da yawa da agogon hunturu ake buga su duk shekara, kai za ka ƙara awar. Na haddace wannan har ina jin kaina malami. Daren fitar na buɗe sabon littafin da na saya, na ga cika ƙarfe 9:10, na ƙara awa, na rubuta 10:10 a bayan hannuna da biro. Ban duba intanet ba, na gaji. A mota dattijon ya tambaye ni lokaci, na faɗa masa da ƙarfin gwiwa. Ya ce to. Bai ƙara komai ba, sai dai na lura ya kai mu wani wuri kusa da jinga wanda ba mu saba zama ba, kwazazzabo ɗaya kawai muka tsallaka.

Na yi asuba a gefen mota a kan buhu, muka shiga. Kwazazzabon a bushe yake, laka iya idon sawu. Muka laɓe, gari ya fara wayewa, ni duk hankalina na gabas ina jiran agwagi, a lissafina akwai sauran lokaci mai yawa. Wajen ƙarfe bakwai da wani abu ya taɓa kafaɗata, ya nuna bayanmu. Wallahi babu igiya, babu ƙara. Wani siririn kumfa ne mai datti yake tafiya a hankali cikin kwazazzabon, yana tura ɗan tsinke a gabansa. A gabanmu kuwa teku tana can nesa, ko alamarta babu. Ta baya take zagayowa. Kafin mu tattara jaka da kare, ruwa ya kai mana cinya, ga laka tana riƙe takalmi. Da muka hau jinga ya karɓi littafina, ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ƙaramin rubutu. Masu bugawa sun riga sun ƙara awar. Gyaran gangar Auzinawa na yi. Bai yi mini faɗa ba, shayi ya zuba mini, muka zauna muna kallon inda muka laɓe yana nutsewa.

Da a ce kuskuren ta ɗaya ɓangaren ne, na manta ban ƙara ba a littafin da ke buƙata, da na fito da wuri ne kawai in yi ta jiran ruwa. Wanda ya ƙara a inda aka riga aka ƙara shi ke cikin hatsari.

Ko ka karanta komai daidai, jadawalin lissafin wata da rana ne kurum, bai san iskar gobe ba. In nauyin iska ya sauka, teku takan ɗaga, kusan santimita ɗaya a kan kowane miliba ɗaya, wato ma'aunin nauyin iska. Santimita 30 ba komai ba ne a rijiya, amma a fili shimfiɗaɗɗe irin wannan nisa ne mai yawa. In kuma iskar arewa ta daɗe tana kaɗawa, sai ta tunkuɗo ruwan Tekun Arewa zuwa kudu ya haɗu da babbar cika. Haka aka yi daren 31 ga Janairu 1953, mutum 307 suka rasu a gabashin Ingila, garin nan namu na ciki, a Holan kuwa sama da 1,800. A Disamba 2013 ma ruwa ya shiga Boston. Shi ya sa bayan jadawali sai hasashen yanayi na gaɓa, kuma in aka ce iskar arewa da babbar cika, dattijon ko waya ba ya bugo mini. Ga hazo kuma, wanda ya fi namu na hunturu kauri. Kamfas na rataye a wuyana ko da yaushe, kuma kafin in fita nakan rubuta wa maiɗakina wurin da za mu da lokacin da za mu fito, in manna a jikin firij. Ta san in lokaci ya wuce ba ta ji ni ba, 999 za ta kira ta nemi masu tsaron gaɓa. Mutanen nan suna son ba da labarin Sarki John da aka ce kayan fadarsa sun nutse a Wash a 1216, sukan ce tekun ba ta ƙyale sarki ba balle mu.

Ka tambaya ko abin da muke harbowa ya ciyu. Nakan yi bismillah in zan harba, wanda ya faɗo da rai kuma in yanka, wuƙa na aljihuna. Amma kada ka ɗauka nama ake tarawa. Fita tara na yi bana, agwagwa huɗu na kawo gida. Uwargida ta ce kuɗin man motar ya sayi rago.

Akwai wata agwagwa mai doguwar wutsiya kamar tsinke da muke gani a nan, irinta ce ke ƙetare Sahara ta sauka muku a Dagona da wajen Nguru da sanyi. In ka je ganin gonar shinkafar, ka tambayi masunta ko sun fara isowa, da kuma sunan da suke kiranta, don na manta, abin yana ta cina. Batun waya kuma, Asabar mai zuwa ƙaramar cika ce, ina gida. Zan kira bayan isha'inku. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata man zafin yana hanya, na ba wani mai zuwa Kano.

Naka har kullum,
Amininka