Ɗaliban da ke haɗa na'urar watsa sigina, a kula da ninkin mita

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina so ka ba ni fili in ja hankalin ɗaliban kwalejojin fasaha da ke amfani da Si5351, wani ɗan ƙaramin guntun lantarki (chip), wajen samar da mitar rediyo. Siginar da take fitarwa mai kusurwa huɗu ce, don haka tana tafe da 'yan rakiya, wato wasu siginoni a ninkin mitar asali. In ka saita ta a 7 MHz, akwai ninki na uku a 21 MHz, ƙarfinsa ƙasa da na asalin da kimanin dB 9.5 kacal (dB ma'aunin bambancin ƙarfin sigina ne), na biyar kuma a 35 MHz. Ka haɗa da eriya a haka, ka shiga gonar wasu, wato mitocin da wasu ke amfani da su.

Maganin shi ne matatar sigina (filta) mai barin ƙananan mitoci su wuce ta tare manya, a om 50. Ga ta 7 MHz: kafasita 270pF, 680pF, 680pF, 270pF zuwa ƙasa, da koyil uku a tsakaninsu bisa zoben T37-6 (ƙaramin zoben garin ƙarfe da ake naɗa waya a kai), naɗi 21, 24, 21. Kafasitar ta zama irin NP0, ba irin X7R ba. X7R tana sauya ƙima da ƙarfin wuta, sai ta haifar da gurɓatar da ake gudu. A sa matatar bayan amfilifaya, domin amfilifayar da aka matsa wa fiye da kima ita ma tana ƙirƙirar nata ninkin.

Wajen awo ake yawan ruɗewa. Na'urar auna mitoci in sigina ta yi mata yawa, takan nuna ninkin ƙarya. Ƙara ragewar dB 10 a bakinta. In ninkin ya sauka fiye da asalin, aƙalla wani ɓangarensa daga na'urar awon yake, ba daga da'irarka ba.

Naka,
Mai gyaran na'urorin sadarwa, Zariya