Wasiƙar Godiya ga Sashen Kula da Lambuna da Wuraren Shaƙatawa

Zuwa ga Shugaban Sashe da dukkan ma'aikatansa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. An ce yaba kyauta tukwici, shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan godiya a bainar jama'a. Ranar buɗe wurin shaƙatawa kowa na zuwa, amma kula da shi kullum sai mai kishi, kuma a nan ne kuka burge mu.

Bari mu fara da filin wasan yara, don can hankalin kowace uwa yake. Yawancin raunukan da yara ke ji a irin wannan wuri daga faɗuwa ne, saboda haka abin da ke ƙarƙashin lilo ya fi lilon kansa muhimmanci. Kun fasa simintin da ke wajen, kun zuba yashi mai kaurin santimita 30, kun baza shi har mita 1.8 a kowane gefe na kayan wasa. Gaba da bayan lilo kuwa kun bar fili ninki biyu na tsayinsa. Shi yashi ba ya zama wuri ɗaya: ƙafafun yara kan kwashe shi daga ƙarƙashin lilo da bakin abin zamewa, sai rami ya fito daidai inda yaro zai faɗi. Kowace safiya ma'aikatanku na mayar da shi da manjagara, suna tsince kwalba da ƙusa. Suna kuma duba ƙugiyoyin sarƙar lilo, su matse wadda ta buɗe baki, su ɗaure notin da ya kwance. Har tazarar ƙarafan shinge kun gyara ta koma ƙasa da santimita 9, domin giɓin da ke tsakanin 9 da 23 shi ne wanda jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale. Mutane ƙalilan ne za su lura da wannan, amma rai yake ceta.

Dashen bishiyoyin ma aikin masana ne. Ramin ya ninka faɗin dunƙulen saiwar sau biyu zuwa uku, zurfinsa bai wuce nata ba. Da yawa suna binne gindin dashe da zurfi, suna ganin hakan zai ƙara masa ƙarfi, alhali saiwar ce ke rasa iska, ɓawon ya ruɓe, bishiyar ta yi ta ƙyamushewa har ta mutu. Ku kun rufe ƙasan da busassun ganyaye da ɓarɓashin itace kaurin santimita 5 zuwa 10, ba tare da sun taɓa gindin ba, kuna ban ruwa da sassafe a ƙoshi, maimakon yayyafi da tsakar rana. Turakun da aka tallafi dashen da su an cire bayan shekara guda, kafin igiya ta ci jikinsa.

Mun kuma yaba da yadda kuke datse ƙananan shuke-shuke kada su wuce mita 1, rassan manyan bishiyoyi kuma a ɗage su sama da mita 2. Uwa na zaune tana hango ɗanta daga nesa, ɓata-gari kuma ba su da maɓoya. Magudanan ruwa a yashe suke, abin da ya dace ke nan tunda sauro na iya kammala girma cikin mako guda zuwa kwana 10 a ruwan da ya kwanta. Fitilu na ci, banɗakuna da tsabta, hanyoyi sun wadaci keken guragu.

Ga shi yanzu da yamma tsofaffi na hira a inuwa, matasa na motsa jiki, maƙwabtan da ba su san juna ba sun fara gaisawa ta dalilin 'ya'yansu. Roƙonmu ɗaya ne: a ƙara bencina masu majingina kusa da filin yara, kuma a yi wa abin zamewar nan na ƙarfe rumfa, don yana ɗaukar zafin da zai iya ƙona fatar yaro.

Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa, ya saka da alheri.

Naku,
Iyaye da masu sana'ar lambu da ke maƙwabtaka da wurin