Kafin a raba mana dashe, a faɗa mana wace ce uwarsa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, ni kafinta ne, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, katako nake saye a Sokoban, kuma abin da zan faɗa ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Tun ranar 11 ga Yuni 2021 da gwamnati ta fara shirin dashen itace na Green Ghana aka ce za a dasa itace miliyan 5 a rana ɗaya, mu ma a zango mun fito, yaran makarantar allo da na boko kowa da ɗan dashensa a leda, abin gwanin sha'awa. Amma ban ji wanda ya tambaya ba, wai shin irin nan daga ina aka samo shi, ƙarƙashin itace nawa aka tsince shi?

Kawuna yana da gonar tik, wato icen katakon nan da ake ce wa teak da Turanci, a hanyar Ejura, shekarun baya ya sayi dashe wajen wani mai reno a bakin titi, da araha, ashe mutumin a gindin bishiya ɗaya tak ya share 'ya'yan, wata gajera mai rassa barkatai wadda ta fi kowace zubar da 'ya'ya, don ita ta fi sauƙin tsinta. Shi tik in ya yi fure da wuri kan ya rabu biyu, gangar ba ta miƙewa. Da aka zo sara na je da kaina na sa tef, da ƙyar kake samun ganga mai tsawon da za a fitar da ƙafar gado, sauran duk reshe da ƙulli. Kawu ya zauna kan kututture ya ce mani, "Ɗana, shekarun nan duk icen girki na yi wa ban ruwa." Wallahi har yau maganar tana ƙona mani rai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to haka itace yake, yana gadon uwarsa, miƙewa da saurin girma da jure ƙwari duk a cikin ƙwayar halittarsa suke, suna ɗaya ne amma jini ba ɗaya ba.

Ku dubi odum, wanda duk kafinta ke mafarkin samu. Me ya hana a cika gonaki da shi? Wani ɗan ƙwaro ne da ake ce wa Phytolyma yake sa ganyen matashin odum ya yi ƙuraje ya kumbura har kan ya mutu. Masu bincike na FORIG, cibiyar binciken gandun daji ta Ghana da ke Fumesua, nan bayan Kumasi, sun gwada 'ya'yan iyaye daban daban suka ga ba duka suke kamuwa daidai ba, wasu suna jurewa su farfaɗo. To in masu injin sara suka kwashe manyan odum masu kyau suka bar mana gurguwa da mai rami, daga ina za a samo masu juriyar? Mu da kanmu muke cire na kirki muna barin na banza ya yi ta haihuwa, kuma ni ma da hannuna a ciki tunda ni nake neman katako mai santsi.

Itacen koko ma ai ya koya mana. Wanda Tetteh Quarshie ya kawo a 1879 kusan dangi ɗaya ne ya bazu a ƙasar, da cutar kumburin reshe ta bayyana a 1936 sai da aka sare miliyoyin itatuwa, daga baya aka kawo wani jinin daga yankin Amazon zuwa cibiyar binciken koko da ke Tafo aka haɗa.

Sannan ga maganar wuri. Kumasi damina biyu muke yi, Tamale guda ɗaya sai dogon rani da hunturu, madacin da kakanninsa suka saba da ƙishin arewa ba ɗaya yake da wanda ya tashi a ƙasa mai laima ba, in an ɗauki na nan an kai can zai iya tsirowa kore shar a shekarar farko, rani biyu ya ƙone.

Roƙona ga hukumar gandun daji da 'yan majalisar unguwa da limamanmu masu karɓar dashe a madadin jama'a, a riƙa rubuta asalin iri a jikin leda, wane daji, wane yanki, a tsinto daga iyaye da yawa masu nisa da juna, kuma a sa wa manyan itatuwa masu kyau alama a hana sara don su zama iyayen iri. Kawu ya share gonar zai sake dashe bana, na ce masa kar ya ba kowa ko sidi ɗaya sai mun je Fumesua tare mun tambaya.

Naku,
Wani kafinta, Aboabo, Kumasi